Zuwa ga Aminiyata, a kan Matan Birnin Tiroyi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya da maigida da yara. Allah ya sa baƙunta ta zo miki da sauƙi.

Kin tambaye ni me na tsinta a waƙar nan ta Girkawa, Iliyad, wadda ake danganta ta da tsohon mawaƙi Homa. Kowa maganar jarumai maza yake yi, ni kuwa matan ne suka tsaya mini a rai.

Waƙar babi 24 ce. A babi na 6 yaƙin Girkawa ya matsa wa birnin Tiroyi, sai Hekta, ɗan sarkin birnin kuma babban jaruminsa, ya baro fagen fama ya ce wa mahaifiyarsa Hekuba ta tara dattawan mata su je su roƙi allahiyarsu Atina. Hekuba ta ciro tufar da ta fi kowacce daraja, saƙar matan birnin Sidon, wadda ke ajiye can ƙarƙashin sauran. Wata mata, Tiyano, ita ta buɗe ɗakin bautar, domin ita mutanen gari suka naɗa mai kula da shi. Ta shimfiɗa tufar a gwiwoyin gunkin, ta yi alkawarin yanka karsana 12 in aka karya mashin Diyomidis, jarumin Girkawan da ke addabarsu. Matan suka ɗaga hannu suna guɗa. Hirodotus, tsohon marubucin tarihi na Girka, ma ya rubuta cewa yana zaton daga matan Libiya Girkawa suka koyi wannan guɗa.

Atina ta ƙi karɓa. Cikin layi ɗaya tak mawaƙin ya faɗi haka ya wuce. Bautar gumaka ce, ba ta hanyarmu ba, amma tausayin uwar nan ya kama ni ƙwarai, ta fitar da abin da ta fi so don ceton garinta, ba ta san an riga an yanke hukunci ba.

A babin ƙarshe ma mata ne suka ja makokin Hekta: matarsa Andiromaki, mahaifiyarsa, sai Helen. Andiromaki ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bai mutu a kan gado ba, balle ya miƙo mata hannu ya bar mata kalmar da za ta riƙa tunawa. Helen kuwa, wadda a kanta aka yi yaƙin, ta ce bai taɓa faɗa mata baƙar magana ba, in wani ya zage ta ma shi ke tsawatarwa.

Ki nemi babobin nan biyu ki karanta, ina son jin ra'ayinki a kan Helen. A gaida yara da kyau.

Wassalam,
Aminiyarki.