Wasiƙa daga Landan: Na Ga Masu Kiɗan Fim Ido da Ido

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya kasuwa, yaya zafin Kano? Mu nan sai godiyar Allah, sanyi ne dai ba ya tausayin baƙo. Saƙonka ya iso, na kuma ji ƙorafin da ka yi wai na zama Bature, ba na neman mutane. Bakano ke nan, ba ya rasa abin faɗa a kan Bazazzage. To ga doguwar wasiƙa ta biya bashi, don labarin da zan ba ka ya fi ƙarfin saƙon murya, kuma cikin abokanmu kai ne za ka gane abin da ya sa ya tsaya mini a rai.

Wani abokin aikina ne, ɗan ƙasar nan, matarsa ba ta ji daɗi ba, sai ya ce in karɓi tikitinta mu je sauraren makaɗa. Na ce wane mawaƙi ne? Ya ce babu mawaƙi, kiɗan fina-finai za a yi zalla. A raina na ce ikon Allah, mutum ya biya kuɗinsa ya je ya zauna, ba fim ba waƙa? Amma ba a raina kyauta, na bi shi.

Wurin shi ne Royal Albert Hall, a unguwar South Kensington. Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe shi a 1871, aka sa masa sunan mijinta da ya rasu. Gini ne zagayayye na jan bulo, yana ɗaukar mutum sama da 5,000, bene kan bene. Mu can sama muka zauna, inda kujerun talakawa suke. Da na ɗaga kai sai na ga wasu manyan faya-fayai a rataye a rufin. Abokin nawa ya ce a 1969 aka rataya su, domin kafin nan amsa-kuwwa ta addabi wurin, duk abin da aka kaɗa sai rufin ya dawo da shi. A bayan dandamali kuma akwai wata ƙatuwar ogan, abin kiɗa mai kama da fiyano da ke aiki da iska, mai bututu 9,999. Kada ka tambaye ni abin da ya hana su cika ɗayan.

Makaɗan sun cika dandamali, maza da mata, duk cikin baƙaƙen kaya. Masu goge ne a gaba, su suka fi yawa: ƙananan da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, waɗanda suke kira bayolin, sai manya da ake kafawa a ƙasa, wani ma ya kai tsawon mai kaɗa shi. Bayansu masu sarewa, bayan waɗannan masu ƙahonin tagulla, can ƙarshe masu ganguna da tambura. Kafin a fara, mutum ɗaya ya busa wata 'yar'uwar algaita da ake kira obo, sauti guda ɗaya dogo, kowa ya daidaita abin kiɗansa da shi. Sannan madugunsu ya fito da 'yar siririyar sanda, ya rusuna, ya juya mana baya, wuri ya yi tsit. Mutum dubbai, amma ko tari sai an kai ƙarshen kiɗa ake yi. Na tuna ka, na ce da kana nan da tuni ka fara ba ni labarin farashin shinkafa.

Bari in fara da wanda ya fi girgiza ni. Ka tuna fim ɗin nan na ƙaton kifi mai cin mutane a bakin teku, Jaws, na 1975? John Williams ne ya rubuta kiɗansa, Ba'amurke, haifaffen 1932, wanda ya ci lambar yabon fim ta Oska sau biyar. Kiɗan kifin nan sauti biyu ne kacal, ɗaya kusa da ɗaya, ana maimaita su. Ina kallo masu manyan gogen nan suka ja baka a hankali, sau ɗaya, suka tsaya. Suka sake ja. Tazarar ta fara raguwa, sauri ya ƙaru, ƙahoni suka shigo ta sama. Wallahi mutumina, babu ruwa, babu kifi, babu allo, ga fitilu a kunne, ga wani dattijo mai sanƙo da tabarau yana jan baka a gabana, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan sautin ba a kunne kaɗai kake jin sa ba, ta kujera yake hawowa ya same ka a ciki. Lasifikar waya ba ta iya ɗaukar sa, ta talabijin ma haka.

Labarin da ke bayansa ya ƙara masa armashi. Kifin roba da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole darekta Steven Spielberg ya rage nuna shi, kiɗa ya tsaya a madadinsa. Akwai ma wani wuri da yara suka yi wasa da fiffiken ƙarya don su tsorata masu wanka, a nan ba a sa kiɗan ba. Wato kiɗan ba ya yi maka ƙarya: in ka ji shi, kifin na nan. Mun kalli fim ɗin nan tare, mun tsorata tare, amma ba wanda a cikinmu ya ce uffan a kan kiɗa da muka fito. Abin da na gano a daren ke nan. Kiɗan fim ta bayan ƙeya yake shiga, ya yi aikinsa ya fita, mu kuma mu ba jarumi lada.

Da aka zo kan Star Wars, wanda makaɗan London Symphony Orchestra suka naɗa a 1977, sai na fahimci dabarar sosai, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Take ne. Yadda makaɗi zai buga taken ɗan dambe ka san wanda zai shigo fili tun ba ka gan shi ba, haka kowane mutum a fim ɗin yake da nasa. Yaron yana da nasa, gimbiya tana da nata, mugun nan mai baƙar hular ƙarfe ma ya samu nasa a kashi na biyu, na 1980. Inda suka ƙara gishiri shi ne juya taken. In jarumi yana cikin nasara, ƙahoni ne za su ɗauke shi da ƙarfi. In yana cikin baƙin ciki, taken nan dai shi ne, amma sarewa ɗaya ce za ta ja shi a hankali. Wani lokaci mutumin ba ya ma cikin hoton, sai a sako ɗan guntun takensa, ka gane ana tunaninsa. Dabarar ta fi shahara a hannun Bajamushen nan Richard Wagner a ƙarni na 19, sannan mutanen Biyana irin su Max Steiner da Erich Korngold suka kai ta Holiwud, ta zauna daram a fina-finan shekarun 1930.

Bayan hutun rabin lokaci aka sauko da allo, aka yi abin da ya fi komai koya mini. Aka nuna wani guntun fim na tsere, ana bin mutum a guje, amma ba kiɗa ko kaɗan. Takun ƙafa, haki, faɗuwar kaya. Kai, abin ba daɗin kallo! Ya yi tsawo, ya yi sanyi, har mutane suka fara dariya. Sai aka maido shi farko, madugu ya ɗaga sanda. Hoton nan dai shi ne, ba a canza ko ƙyaftawar ido ba, amma yanzu zuciyata tana bugawa. Mutumin ya yi tsalle, ƙahoni suka tashi tare da shi. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa, tambari ya faɗi daidai wurin.

Na tambayi yadda ake haɗa wannan, don fim ba ya jiran kowa. Ashe madugun yana da ɗan ƙaramin allo a gabansa, fim ɗin yana tafiya a ciki, wani layi yana ratsawa daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe sai haske ya walƙa, a nan ne bugun zai faɗi. Sau da yawa kuma akwai abin ji a kunnensa yana ƙirga masa lokaci, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ka duba wannan aiki: mutum ɗaya yana bin na'ura, mutum kusan tamanin suna bin sandarsa, kuma a haka ake so kiɗan ya fito da rai kamar yanzu aka ƙirƙire shi. A zauren nan har cikakken fim ake nunawa haka, a cire kiɗan da aka naɗa, a bar magana, makaɗa su cike gurbin tun daga farko har rubutun ƙarshe. In ka duba ma komawa asali ne, domin kafin fim ya fara magana a wajen 1927, kowane gidan silima da makaɗinsa, ƙarami da mai fiyano ɗaya, babba da cikakkiyar ƙungiya.

An yi na kaboyi ma, na Ennio Morricone, ɗan Italiya da ya rasu a 2020. Wannan kukan mai kama da na dila da muke kwaikwayo muna yara in za mu yi harbin wasa, na wani fim ne na 1966 da ya yi wa kiɗa. Da aka fara shi sai na ji murmushi ya kama duk layinmu. A fina-finan farko na irin wannan, kuɗi bai kai a ɗauki babbar ƙungiya ba, sai ya koma ga fito da baki, da karan bulala, da jita, da muryar mutum. Rashi ne ya haifi salon, ga shi yau ana kaɗa shi a gaban masu kwat.

Ba duka ne ya burge ni ba, kada ka ce Turawa sun saye ni. Akwai wasu na fina-finan zamani, ganguna ne kawai da rugugi, ana ta hawa ana ta hawa ba a isa ko'ina. Na tabbata a cikin silima, da gini yana rushewa, suna aiki. Amma da aka raba su da hoto sai suka tsaya tsirara, ba abin da za ka fito kana rerawa. Jama'a sun tafa musu sosai, ni dai na tafa ne don wahalar masu bugun.

Yanzu ga inda na fi son mu yi magana. Ana cikin wani kiɗa mai taushi, gogen nan wajen talatin suka tashi tare, suka yi sama suka sauko, sai na ji kamar na san wannan sautin tun ina yaro. Fim ɗin Indiya! Wannan guguwar goge da ke tashi kafin Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi su buɗe baki, ai ita ce. A wancan zamanin, a ɗakunan naɗar sauti na Bombai haka ake tara makaɗa da yawa a lokaci ɗaya, kuma da dama daga cikinsu Kiristocin Goa ne da suka iya karanta rubutun kiɗa irin na Turai. Ka ga tun lokacin da 'yan Labanan masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Arewa a shekarun 1950, kunnen Bahaushe yake shan wannan kiɗa. A Plaza da Marhaba da El Dorado mun sha shi har mun ƙoshi. Hankalinmu dai yana kan murya da rawa, ba mu taɓa tambayar hannu nawa ne a baya ba.

Wannan ya sa na yi ta tunanin namu fina-finan. A Kanywood mutum ɗaya ne a situdiyo da fiyanon Yamaha, shi ne goge, shi ne sarewa, shi ne ganga. Ban ga laifinsu ba, wa zai biya mutum tamanin a fim ɗin da kuɗinsa ba ya dawowa? Kuma a waƙa sun yi ƙoƙari, wannan ba musu. Inda nake da magana shi ne ƙarƙashin labari. Uwa tana kuka, sai a danna maɓalli ɗaya a bar shi yana ta nishi har a gama. Alhali muna da masu goge, da masu garaya, da masu gurmi, da masu sarewar kara. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasarmu shekara da shekaru. Ba sai an tara tamanin ba. A ɗauko mai goge ɗaya na gaske, a zaunar da shi gaban allo, a ce ga matar nan, yi mata take, ka juya shi duk inda labarinta ya juya. Kai da kake da mutane a harkar, don Allah ka gwada faɗa musu, ka ji abin da za su ce. Na san amsar farko kuɗi ce, ina so in ji ta biyu.

Da aka gama, kowa ya miƙe ana tafi, madugu ya fita ya dawo, ya nuna mai obo ya miƙe, ya nuna masu ƙahoni, ɓangare-ɓangare. Ba liƙi, ba maroƙi, ba wanda aka ambaci sunan ubansa. Sai kowa ya ɗauki kwat ɗinsa ya ruga neman jirgin ƙarƙashin ƙasa.

In harkar kaya ta kai ka Legas, ka leƙa cibiyar MUSON da ke Onikan, suna da ƙungiyar makaɗa irin wannan, ka tambayi ranar da za su yi wasa. Ka zauna kusa da ɓangaren manyan goge in ka samu. Kafin nan kuma, ka ɗauki duk fim ɗin da ka fi so, ka kai wurin da ya fi taɓa ka, ka kashe sautin ka kalla, sannan ka rubuto mini abin da ka gani.

Maganar kuɗin makarantar yaron nan, na tura ta hannun ƙanena, ka tuntuɓe shi ƙarshen wata. Kilishin da ka ce za ka aiko kuwa ka bari, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan a jaka, sai dai in na zo in ci rabona. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara, da duk 'yan majalisa.

Wassalam.

Naka,
Bazazzagen da ka ce ya gudu