Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wakilinmu: mu na gindin Dala mun san haɗarin da muke ciki

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ana ta faɗa cewa mu mazauna gindin Dutsen Dala taurin kai ne ya hana mu tashi, wai ba mu san illar zaizayar ƙasa ba sai an wayar mana da kai. Maganar nan ta yi min ciwo ƙwarai.

Wa ya fi mu sanin Dala? Mahaifiyata ta haura shekara 70, ba ta bibiyar hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet, amma in ruwan Agusta ya gangaro jajawur ɗauke da tsakuwa, ta san jikin dutsen ne ke zubewa. Akwai tsaga a bangon ɗakinta, bara ta yi mata alama da gawayi, bana tsagar ta zarce alamar da faɗin yatsa biyu. In hadari ya haɗo daga gabas cikin dare, sai mu kwashi yara mu koma zaure, don shi kaɗai ne ginin bulo. Ba mai runtsawa sai ruwa ya ɗauke.

Gaskiya akwai dattawan da ke cewa dutsen nan tun zamanin Barbushe yake, bai taɓa cin kowa ba. To amma a da akwai kududdufai da ke shanye ruwa kafin ya kai rafin Jakara. Yanzu an cike su an yi gini, leda ta toshe kwatoci, ruwa kuma sai ya bi ta ɗakunanmu. Su ma dattawan sun gani da idonsu. Abin da ya zaunar da mu gidan gado ne, da sana'a a Kurmi, da rashin kuɗin fili a bayan gari. Mu tashi mu tafi ina?

Ranka ya daɗe, ka tuna ranar da ka tsaya a ƙofar masallacinmu kana neman ƙuri'a, ka ce za a yi mana magudanar ruwa da katangar tare ƙasa? Damina biyu ke nan muna jira. Don Allah kada a bari sai gini ya danne wani sannan a zo jaje da tabarma da buhun shinkafa.

Ka turo injiniya tun da rani. Ya zauna da tsofaffinmu su nuna masa inda ruwa ke bi, ya shigo gidanmu ya ga alamar gawayin nan. In ya gama, ya leƙa Goron Dutse, ɗaya dutsen da ke cikin birni, ya duba can ma.

Wassalam,
Wani ɗan unguwar Dala, Kano