A koya wa ɗalibai bambancin kiran metod da riƙe shi

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin malaman da ke koyar da rubuta manhaja kan wani darasi da ake yawan tsallakewa, alhali shi ke rikita ɗalibai da zarar sun fara aiki na gaske.

A harsunan kwamfuta irin su Python, Ruby da JavaScript, metod, wato aikin da aka rubuta a cikin kilas (tsarin da ake ƙera abubuwa iri ɗaya da shi), shi ma abu ne da ake iya ɗauka. Ana sa masa suna, ana jera shi tare da wasu, ana miƙa shi ga wani aiki domin ya kira shi daga baya. Ta haka ake gaya wa maɓalli abin da zai yi in an danna shi.

Tuntuɓen farko a baka biyu yake. A ce muna da abu mai suna `takarda` daga kilas `Takarda`, mai metod `adana`: a Python, `takarda.adana()` kira ne, aikin zai gudana nan take. `takarda.adana` kuwa riƙe metod ɗin ne kawai. Ɗalibin da ya rubuta `command=takarda.adana()` ga maɓallin Tkinter (kayan aikin Python na gina tagogi da maɓallai), aikin zai gudana sau ɗaya tun ana gina maɓallin, sannan maɓallin ya karɓi sakamakon kiran, galibi `None`, wato babu komai. Ya yi ta dannawa, shiru, ko saƙon kuskure babu. A Ruby kuma ko ba baka biyu kira ne, sai an rubuta `takarda.method(:adana)` kafin a riƙe shi, a kira shi daga baya da `call`.

Amma babbar magana ita ce: in an ɗauke metod daga jikin abu, yana tuna mai shi? Kamar ɗan aike ne, wani ya san wanda ya aiko shi, wani ya manta tun a hanya. Python na ɗaure su tare: mai shi yana cikin `__self__`, ainihin aikin yana cikin `__func__`, kowa na iya buga su ya gani. In aka ɗauko ta kan kilas kuwa, `Takarda.adana`, tun fitowar Python 3 a 2008 aiki ne tsura, sai ka miƙa masa abin da hannunka. Ruby ma na ɗaurewa, kuma ta ba da damar kwancewa da `unbind` da sake ɗaurewa da `bind`, muddin sabon abin ɗan wannan kilas ne ko jikansa, in ba haka ba ta jefo `TypeError`.

JavaScript ba ta ɗaure komai. Ana tantance `this`, kalmar da ke nufin mai metod ɗin, a lokacin kira ne, bisa abin da ke gaban ɗigo. Idan ka rubuta `const f = takarda.adana` sannan `f()`, babu komai gaban ɗigo, don haka a metod na kilas `this` zai zama `undefined`, manhajar ta tsaya. Magani biyu ne: `takarda.adana.bind(takarda)`, wanda ya shigo da ES5 (wani bugu na ƙa'idar JavaScript) a 2009, ko a naɗe kiran cikin aikin kibiya na ES2015, `() => takarda.adana()`.

Akwai kuma tarkon da har ƙwararru ke faɗawa. Duk lokacin da aka kira `bind`, sabon aiki ake ƙerawa. Wanda ya yi rajistar aikin da zai amsa danna maɓalli a `addEventListener` da `bind` ɗaya, ya zo cirewa a `removeEventListener` da wani `bind`, bai cire komai ba, domin biyun ba abu ɗaya ba ne. A ajiye na farkon ƙarƙashin suna, a yi amfani da shi a wurare biyun. Python ma sabon ɗauri take yi duk taɓawa, shi ya sa, in `a` abu ne `f` kuma metod ɗinsa, `a.f is a.f` ke ba da `False` amma `a.f == a.f` ya ba da `True`. A kwatanta da `==`.

Ɗaurin nan yana da nauyinsa. Muddin metod na ajiye a wani jeri, mai shi ba zai fita daga memori ba, ko da an gama da shi. Wasu kan gwada `weakref.ref(a.f)` na Python, wato riƙo mara ƙarfi da ba ya hana abu fita daga memori, sai ya mutu nan take, saboda babu wanda ke riƙe da sabon ɗaurin. `weakref.WeakMethod`, da aka ƙara a Python 3.4, shi ne daidai.

Roƙona ga malamai shi ne a ware wa wannan darasi guda cikakke. A sa ɗalibi ya rubuta kilas ɗaya a harsuna biyu, ya ɗauke metod, ya buga shi a allo kafin ya kira shi. A kuma gargaɗe shi kan `getattr(abu, suna)` na Python, wanda ke ɗauko metod ta hanyar sunansa: idan sunan daga mai amfani ya fito, zai iya kiran metod ɗin da ba a yi niyyar buɗe masa ba, har da na gogewa. Gara a tsara ƙamus na sunayen da aka amince da su, kowane suna da metod ɗinsa, duk wanda ba ya ciki a ƙi shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wani mai koyar da rubuta manhaja