Shin mai mota ya sayi na'urar gano matsalar inji ya ajiye a gida?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan tambayar da ke yawan tasowa tsakanin masu motoci a nan Sakkwato, wato ko ya dace mutum ya sayi 'yar na'urar nan da ake jonawa a mota ta faɗi abin da ke damun inji, wadda makanikai ke kira sikana. Ra'ayina shi ne a saya, amma da sharaɗin mutum ya san iyakar abin da ya saya.

A watan Afrilun da ya wuce, ana tsananin zafi, ina kan hanyar dawowa daga Tambuwal sai fitilar nan mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari. Na kai motar gareji, aka canza filogi, fitilar ta dawo bayan kwana biyu. Aka ce famfon mai ne, na sake biya, ta sake dawowa. Daga ƙarshe wani ɗan maƙwabcina ya durƙusa ya jona na'urarsa a wata kafa mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ga lamba P0171, ma'ana iska ta wuce ƙima idan aka gwada da mai a abin da injin ke ƙonawa. Da aka bi hanyar iskar, sai aka tarar robar da ta taso daga filta zuwa inji ta bushe ta tsage daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an juya ta. Kuɗin robar bai kai rabin abin da na kashe a baya ba.

Wannan kafa ba sabon abu ba ce. Tun 1996 doka ta tilasta sanya ta a motocin da ake sayarwa a Amurka, ƙarƙashin tsarin da ake kira OBD-II, sannan Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 kuma ga na dizal. Ke nan mafi yawan motocin Beljiyam da muke hawa suna ɗauke da ita, kuma kwamfutar motar tana ajiye ƙorafinta, jira kawai take a tambaye ta.

Sai dai a nan ne mutane ke yin kuskure, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Lambar tana nuna wurin da ciwo yake, ba ta faɗin kayan da za a saya. Idan ta ce P0301, tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata, amma sanadin na iya zama filogi, ko kwayil, ko nozul, ko ma matsala a cikin injin kansa, kuma rarrabe waɗannan aikin gwani ne. Haka P0420, wadda ke cewa matatar hayaƙin salansa ta gaza: mai mota na iya sayen sansa, wato 'yar na'urar da ke auna hayaƙin, sabo fil, alhali tun kafin motar ta iso hannunsa aka cire matatar aka sayar. Amfanin na'urar a wurina shi ne in shiga gareji ina da masaniya, in ce wa makanike, "Malam, ga abin da ta nuna, mu fara dubawa daga nan." Makanike mai amana yana jin daɗin wannan, domin ya rage masa lalube.

Wani amfanin da ya shafe mu musamman shi ne ganin zafin ruwan inji kai tsaye. A garin da zafi ke haura digiri 40, sanin cewa ruwan lagireto ya tashi daga wajen 90 yana ci gaba da hawa na iya sa direba ya tsaya kafin gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Ƙurar hunturu ma takan lulluɓe sansan da ke auna iska, kuma na'urar takan nuna alamar hakan.

Ina gargaɗi a kan maɓallin goge lamba. Gogewa tana kashe fitila ne kawai, matsalar tana nan. Idan kuwa fitilar tana ƙyaftawa ne, ba ta tsaya cak ba, to injin yana cikin haɗari, a rage gudu a nemi gyara nan take. Wanda zai sayi mota ta hannu kuma ya duba ko na'urar ta nuna cewa gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi da kanta ba su kammala ba, domin hakan na iya nufin an goge lambobi, ko an cire batir, ba da daɗewa ba.

Ba sai an sayi mai tsada ba. Ƙaramar da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, irin su ELM327, ta ishi aikin gida, ko da yake yawancin irinta ba sa karanta matsalar birkin ABS ko jakar iska, waɗanda galibi sai da babbar na'urar gareji. Babban cikas ɗin shi ne bayanin lambobin yana zuwa da Turanci, alhali direbobinmu da yawa da Hausa suke karatu. Saboda haka ina roƙon jaridar nan ta ware ɗan gurbi, ko da sau ɗaya ne a wata, ta gayyato ƙwararren makanike ya riƙa fassara lambobin da aka fi cin karo da su.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato.