A Ba Malamin Zane Lokaci Da Ruwa Da Akwati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani darasi da ba kasafai ake tunawa da shi ba idan ana zancen gyaran ilimi, wato darasin zane da ayyukan hannu a firamare da ƙaramar sakandare. A manhajar karatun shekara 9 da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, NERDC, ta tsara, an haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu a darasi guda wanda malamai suka fi sani da CCA, kuma ko da aka sake duba manhajar a 2012 aka rage yawan darussa, wannan bai fita ba. Sai dai duk wanda ya zagaya makarantunmu zai tarar cewa a da yawa daga cikinsu darasin ya koma kwafar rubutu daga allo. Yaro zai haddace cewa Aina Onabolu ne ya fara koyar da zane irin na zamani a makarantun Legas, zai haddace cewa Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954, zai kuma ci jarrabawa a kan haka, alhali bai taɓa kwaɓa yumɓu a makaranta ba.

An saba ɗora laifin a kan rashin kuɗin kayan aiki, kuma ban musa ba, yana cikin dalilai. To amma yumɓu da gawayi da tsofaffin kwalaye da karan dawa ba su da tsada. A matsayina na mai koyar da wannan darasi, abin da nake gani ya fi hana malamai fito da kayan aiki shi ne tsoron abin da zai biyo baya: hayaniya, rige-rigen kaya, fenti a jikin farar riga, kukan wanda aka yaga wa takarda, sannan a ƙarshe tuhumar shugaban makaranta cewa malam ya kasa riƙe aji. Malamin da ya sha wannan wahala sau ɗaya yakan gwammace ya ɗauki alli ya yi ta rubutu, domin aji mai kwafar rubutu shiru yake.

Ya kamata a fahimci abin da ya bambanta wannan aji da sauran. A darasin lissafi ko na Turanci, ɗalibi yana zaune wuri ɗaya da littafinsa da bironsa, babu abin da zai haɗa shi da na kusa da shi. A darasin zane kuwa dole a tashi, a ɗebo ruwa, a raba kala ɗaya tsakanin mutum takwas, a jira almakashi ya zagayo, a nemi inda za a shanya aikin da bai bushe ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 zuwa 40, amma ajin da ya kai 70 ko 80 ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu. Idan aka saki yara masu wannan yawa su tashi lokaci guda zuwa teburin malami domin karɓar kaya, ko 'ya'yan waye su sai an yi turereniya. Saboda haka mafi yawan abin da ake kira rashin tarbiyya a wannan aji yana faruwa ne a lokacin rabon kaya da lokacin kwashe su, kuma malami ne yake da ikon tsara waɗannan lokuta tun kafin yara su shigo.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne raba aji zuwa rukunai na dindindin tun makon farko na zango, kowane rukuni da lambarsa da kwalinsa ko gwangwaninsa na kaya, wanda aka rubuta adadin abin da ke ciki a jikinsa. Mutum ɗaya ne daga kowane rukuni yake tashi ya karɓo kayan, shi ne kuma zai ƙirga su ya mayar. Wani daban shi ke kula da ruwa, wani kuma da tsumma da tsintsiya. Da haka masu yawo a aji sun ragu daga 70 zuwa ƙasa da 10 a kowane lokaci. Wajibi ne waɗannan ayyuka su riƙa zagayawa mako-mako. Idan aka bar wa yara zaɓi, shara za ta faɗa kan 'yan mata da ƙananan cikinsu, rabon kaya kuma ya zama sarautar masu ƙarfi, daga nan sai a fara ba aboki buroshi mai kyau a bar wa wanda ba a so wanda gashinsa ya zube. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, domin yaron da aka kai maƙera koyon sana'a da zuga da ɗebo gawayi da adana awartaki yake farawa, kuma babu mai cewa an ɓata masa lokaci. Kula da kayan aiki wani ɓangare ne na sana'ar kanta, don haka ya cancanci a koyar da shi a kuma ba shi maki, kamar yadda ake ba haɗa launi.

Akwai ƙa'idar da ban yarda a karya ta ba: kada a raba kaya kafin a gama bayani. Yaron da aka ba yumɓu a hannu ya daina sauraro, kuma ba laifinsa ba ne. Malami ya fara nuna aikin da hannunsa a taƙaice, ya faɗi abin da ake so a gama a ranar, ya sa ɗalibi ɗaya ya maimaita, sannan a kira masu karɓar kaya. Haka nan ana bukatar alama guda ta tsayawa, ko tafi sau uku ko buga ƙaramar ƙararrawa, wadda da zarar an ji ta kowa zai ajiye abin da ke hannunsa ya dubi malami. Irin wannan alama ba ta zama jiki da faɗa sau ɗaya. Sai an yi ta gwada ta a makonnin farko, ko da hakan zai ci rabin darasi, domin lokacin da aka kashe a nan ana fanshe shi a sauran zangon.

Batun kayan da ke iya yin rauni ya fi duk sauran muhimmanci. Da reza yaranmu suka saba feƙe fensir, kuma reza a hannun yaro cikin cunkoso haɗari ce, musamman idan ana ba juna aro. Ya fi kyau a keɓe wuri ɗaya kusa da kwandon shara domin feƙewa, a kuma gama ta kafin a fara aiki. Almakashi a ƙirga shi a gaban kowa lokacin fita da lokacin dawowa, kada a sallami aji sai adadin ya cika. Wajen rinin ɗauri kuwa, wanda yara ke matuƙar so, galurar kanti ana haɗa ta ne da soda mai ƙuna, wadda ke cin fata tana kuma iya lalata ido. Malami ne kaɗai ya kamata ya haɗa ta, a waje inda iska ke kaɗawa, yara su tsaya nesa, mai tsoma ƙyalle kuma ya sa safar roba. Wanda bai da safar roba gara ya ɗage aikin.

Game da horo, ra'ayina shi ne bulala ba ta da wani amfani a nan. Tafin hannun da aka zane ba zai riƙe fensir daidai ba, kuma yaron da ke tsoron kada ya ɓata takarda ba zai taɓa gwada wani abu nasa ba, sai dai ya kwaikwayi na allo. Dole kuma a bambanta kuskure da ganganci. Wanda ya zubar da ruwan kala ba da niyya ba, tsumma kawai za a miƙa masa ya goge, ba tare da tsawa ba. Wanda ya jefi ɗan'uwansa da yumɓu, a karɓe yumɓun na wannan rana, a zaunar da shi kusa da malami da fensir da takarda, mako mai zuwa ya dawo cikin rukuninsa. Ganin abokansa suna gini shi ba ya yi ya fi masa ciwo a kan bulala. Laifin da nake ɗauka da girma shi ne ɓata aikin wani ko yi masa dariya, domin yaron da aka ɗaga zanensa aka yi masa shewa yakan daina zane har ya bar makaranta. Don haka kowa ya rubuta sunansa a bayan takarda kafin ya fara, kada kuma a taɓa aikin wani sai da izininsa. Masu saurin gamawa su ma a tanadar musu abin yi, ko da littafin zane ne na kansu, tunda zaman banza ne ke kai su tsokanar waɗanda ba su gama ba.

Akwai wani abu da ya shafi yankinmu wanda malami, musamman baƙo, yakan iya ɗauka taurin kai ne. Wasu ɗalibai suna ƙin zana mutum ko dabba saboda abin da aka koya musu a gida game da surar abu mai rai. Jayayya da yaro a kan wannan a gaban aji ba ta haifar da komai sai raini da ƙorafin iyaye. Layi da siffa da launi da daidaito duk ana iya koyar da su ta zayyanar allo, da dagi, da adon bangon gidajen gargajiya irin na Zariya da Kano, da aikin hula, da ganye da tulu da ƙwarya. Malamin da ya tanadi zaɓi tun farko ya rufe wannan ƙofa ba tare da ya rage komai daga darasinsa ba.

Duk da haka, akwai abubuwan da suka fi ƙarfin malami, kuma su ne dalilin wannan wasiƙa. Darasi ɗaya minti 35 ne ko 40. Idan aka cire lokacin bayani da rabon kaya da minti 10 na wanke buroshi da share aji, abin da ya rage bai isa a gama komai ba, sai ƙararrawa ta kaɗa malamin da ke biye ya tarar da benci jiƙe, rigima ta tashi tsakanin malamai. Ina roƙon shugabannin makarantu su haɗa wa wannan darasi lokaci biyu a jere a jadawali, su kuma sa shi dab da tara ko dab da tashi. Ina roƙon a ajiye duro ko bokitai na ruwa kusa da inda ake aikin, domin aika yara famfo ko rijiya a tsakiyar darasi hanya ce ta sulalewa. A samar da akwatin ƙarfe mai kwaɗo inda za a kulle kaya, da wani lungu ko igiya inda aiki zai bushe, tunda ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, yumɓu kuma yana ɗaukar kwanaki bai bushe ba da damina. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya ɗaukar nauyin waɗannan ba tare da jiran gwamnati ba.

Ga shugabanni da masu duba makarantu kuma, idan sun ji magana na tashi daga ajin zane, ina roƙon su leƙa ciki kafin su yanke hukunci. Su duba ko yara suna zaune a rukunansu, ko maganar a kan aikin take, ko suna tsayawa idan malami ya ba da alama, da kuma yadda aka bar ajin bayan an tashi. Kwalejojin horar da malamai su ma ya dace su sa ɗalibansu su gudanar da darasin fenti ko na yumɓu da cikakken aji a lokacin gwajin koyarwa, a kuma ba su maki a kan yadda suka raba kaya suka kwashe su.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin zane a ƙaramar sakandare,
Jihar Kano.