Wasiƙa daga Aboabo a kan wasan Saje

Assalamu alaikum Malam Habu,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali, ya kuma sanyin Jamus? Mu nan Kumasi sai godiya. Hajiya tana gaishe ka ƙwarai.

Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Samarin unguwarmu sun shirya wasan kwaikwayo, sun nuna shi a filin makarantar Islamiyya, kuma har yanzu musu a kansa bai mutu ba a majalisar bayan Isha'i.

Labarin wani yaro ne da aka kamo daga arewa, aka sayar da shi a kasuwar Salaga, daga wannan hannu zuwa wancan har ya iso Akra. Yaron ƙirƙira ne, amma hanyar da ya bi ta gaskiya ce. A 1873, da Turawan Ingila suka ɗaura yaƙi da Tonawa, wato mutanen Ashanti, Kyaftin Glover ya zo Akra ɗibar soja, don ya ƙara a kan rundunar Hausawan da ya kafa a Ikko tun 1863, wadda yawancinta bayi ne da suka gudo. A nan ma bayi suka riƙa sulalewa daga gidajen iyayengijinsu suna shiga soja. Haka yaron ya sami kansa, ya kuma taka tokar Kumasi bayan da Janar Wolseley, kwamandan sojan Ingila, ya ƙone garin a Fabrairun 1874.

Kashi na biyu ne ya kama ni. An kai 1900, yaron ya zama dattijo, Saje ne. Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinari ta sarautar Tonawa, Yaa Asantewaa, wata sarauniyarsu, ta ta da yaƙi, aka ritsa Gwamna da mutanensa a cikin fot ɗin nan da muke wucewa kusa da Adum, yunwa tana kashe mutanen da suka raɓu da bangonsa. Bayan agaji ya iso a watan Yuli, sai aka fara tura soja ƙauyuka da wuta. Aka ba Saje umarnin ƙone wani ƙauyen noma. Da ya leƙa da dare, ya tarar mazaunansa bayin Tonawa ne, 'yan arewa, da tsage irin nasa a fuska.

Habu, filin nan ya yi tsit. Baturen da ya ba shi umarni, tutarsu ce ta fitar da shi daga bauta, ya kuma yi musu rantsuwa. Mutanen da ke gabansa kuwa ba su ci ba, ba su sha ba. Ya gaya musu su gudu kafin asuba, da safe ya cinna wa bukkokin wuta babu kowa a ciki. Na ɗauka nan za a tafa. Sai wata tsohuwa ta dawo daga daji, ta dube shi ta ce, “Ka bar mana rai, to doyar da muka tara fa? Me yaran za su ci?” Bai ba ta amsa ba, wasan ya ƙare. Ni a ganina daidai suka yi da ba su wanke shi ba. Ya yi iya abin da zuciyarsa ta iya ɗauka, kuma bai isa ba.

Wasu dattawa sun ji haushi. Sun ce tonon asiri ne, kakanninmu fataken goro ne da malamai. Gaskiya ne, amma hanyar Gwanja da ta ɗauki goro ita ce ta ɗauki mutane, kuma bayin da Babatu, jagoran Zabarmawa, da mayaƙansa suka kamo daga ƙasar Gurunsi, masu salla ne suka yi cinikinsu, da harshenmu. A zangon nan akwai jikokin wanda ya sayar, da na wanda aka sayar, da na sojan da ya harbi Tonawa, duk sahu ɗaya muke bi ranar Juma'a. In da maganar ta mutu, ai da ba a binciken asali a ɓoye idan batun aure ya taso. Ka san gidajen da aka hana aure a kan haka.

Yaran suna so su kai wasan unguwar Nima a Akra bayan Sallah, ana matsa musu su cire maganar tsohuwar. Na ce kada su taɓa ta. Zan turo maka bidiyon ta WhatsApp, ka kalla ka faɗa mini ra'ayinka. Kuma ka taɓa ce mini kakanka ya yi soja a zamanin Turawa. Don Allah ka rubuto mini abin da Baba ya gaya maka game da shi, yaran suna nema.

Ka gaishe da Maman Fati da yara.

Naka,
Iliyasu