Rahoton Ayyukan Shekara: Adode da Duwatsun Accra

Assalamu alaikum iyaye, malamai da 'yan'uwa mambobi.

A taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyin fitar da yaranmu na Nima, Mamobi da Sabon Zango daga aji, su ga kimiyya da idonsu. Muka zaɓi adode, halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ake sayarwa a tsinke a Sogakope, don babu yaron da bai san ta ba.

Karatun Asabar ne ya ci yawancin shekarar. Yara sun koyi cewa kakannin adode sun bayyana fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, irin su Fordilla. Zuriyar masu ɓawo biyu kuma ta tsallake babbar halakar da ta share yawancin halittun teku shekara miliyan 252 baya, ta yaɗu.

Darasin da ya fi kama zukata, har da namu malamai, shi ne na ƙasar da muke takawa. A ƙarƙashin wani ɓangare na Accra akwai duwatsun zamanin Devonian, masu shekaru sama da miliyan 360, ɗauke da burbushin masu ɓawo biyu da suka zama dutse. Masana sun ga kamanninsu da na gabashin Amurka ta Arewa, domin a lokacin tekun Atlantika bai buɗe ba. Yaya abin da ke kwance a laka yake ƙaura? 'Ya'yansa ne igiyar ruwa ke kwasa tun suna mitsi-mitsi. Ta haka wasu nau'o'i suka bi mashigin Bering, wanda ke tsakanin Asiya da Amurka ta Arewa, daga tekun Pasifik zuwa Atlantika, kimanin shekara miliyan 3.5 baya. A ganina wannan darasi ya cancanci shiga kowace makarantar Zango.

Mun kuma kai yara Ada, inda kogin Volta yake shiga teku. Masu nutso da mata masu sana'ar sun bayyana musu yadda wuraren kamun adode suka tsuke zuwa bakin teku bayan gina madatsun ruwa na Akosombo a 1965 da Kpong a 1982 a kan kogin, da yadda ake niƙa ɓawon a zuba cikin abincin kaji. Allah Ya saka musu da alheri, sun bar aikinsu saboda yaranmu.

Kuɗin mota ne ya cinye rabo mafi girma na asusu. Ma'aji zai karanta lissafin a zaure. Baɗi muna son nuna wa yara duwatsun bakin tekun Osu lokacin janyewar ruwa, kuma muna buƙatar iyaye mata masu rakiya. Mai niyya ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti